Yadda Madubi Ya Shigo Mini da Rana Ɗaki

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Ingila ya san halin da ake shiga. A watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ɗakin da nake haya tagarsa ɗaya ce, ƙarama. Rana takan ɗan leƙo da hantsi, ta tsaya a bakin taga, ba ta kai teburin karatuna. Ni da na taso inda ake gudun rana, sai ga ni ina nemanta ruwa a jallo. Jiki ya mutu, karatu ya ƙi shiga.

Wata safiya ina ɗaura ɗankwali a gaban ƙaramin madubi kusa da taga, sai na ga haske ya yi tsalle ya hau silin. Na karkata madubin, shi ma ya gusa. Nan na ce sai na gano ƙa'idarsa.

Da dare na shimfiɗa farar takarda, na tsayar da madubin a kanta, na ja layi wanda ya fito daga fuskarsa sak, bai karkata ko'ina ba. Na rufe bakin tocila da kwali, na bar 'yar siririyar tsaga, na kashe fitila. Da na haska madubin a digiri 30 daga layin, hasken ya dawo a digiri 30 ta ɗaya ɓangaren. Na gwada 45, na gwada 60, ba ta sauya zane ba: kusurwar da haske ya zo da ita, da ita yake komawa. Shi ya sa idan ka juya madubi digiri 10, hasken da ya dawo yakan juya digiri 20, domin kusurwar zuwa da ta komawa kowacce ta ƙaru da goma.

Ilimin ba sabo ba ne. Girkawa sun san ƙa'idar tun da daɗewa, sannan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aiki a Alƙahira, ya tabbatar da ita ta hanyar gwaji a littafinsa Kitabul Manazir.

Akwai ma garin da ya ci moriyarta. Rjukan a ƙasar Norway yana cikin kwari, duwatsu suna tare masa rana daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Maris. A 2013 aka kafa manyan madubai uku a kan dutse, kwamfuta tana juya su suna bin rana, suna jefa haskenta a dandalin garin.

Ni dai nawa na bakin taga ne. Na jingina shi da littafi, ina ɗan gyara masa zama yayin da rana ke tafiya, hasken yana sauka a bangon da ke gaban teburina. Ba ranar gida ba ce, amma da babu gara ba daɗi.

Idan za ku gwada, ku yi amfani da madubi shimfiɗaɗɗe. Na kwalliya mai ƙara girman fuska yana tattara hasken rana wuri ɗaya, har yakan tayar da gobara. Kada kuma ku bari hasken ya faɗa idon kowa, musamman yara.