Mu Kiyaye Ganuwar Kakanninmu

Da hutun da ya wuce na ziyarci kakana a wani ƙauye kusa da Zurmi. Na tarar da shi yana yaɓe katangar lambunsa, wadda mahaifinsa ya gina da tubali. Na ce, "Kaka, me ya sa kake wahala da tsohuwar katanga?" Sai ya ce, "Yaro, ginin ƙasa kamar jariri ne, in ka bar kula da shi ya lalace." Wannan magana ita ta sa na yi tunani a kan ganuwa.

Ganuwa ita ce babbar katangar da ake kewaye birni da ita saboda tsaro. Akan haƙa gwalalo a bayanta, a yi mata ƙofofi, a kuma bar fili a ciki don gonaki da lambuna, yadda ko maƙiya sun kewaye gari mutane ba za su rasa abinci ba. Baturen nan Kilafatan, da ya ratsa Zurmi a 1824, ya tarar da garin cikin ganuwa mai tsawo da gwalalo. Ta Kano kuwa Sarki Gijimasu (1095-1134) ya fara ta, Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta.

A da, in damina ta wuce, akan yi gayya, kowace unguwa ta gyara rabonta. Da yaƙe-yaƙen da suka ƙare aka daina. Ruwan sama ya riƙa zaizaye ta, masu gini suna ɗibar ƙasarta, wasu ma suna kafa gidaje a kanta.

A 1979 gwamnati ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda dokarta ta hana rushe wuraren da aka keɓe. A 2007 aka sa ganuwar Kano da kufan Surame cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa matsayin gadon duniya. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu su daina sayen ƙasar ganuwa. Mu kuma ɗalibai daga Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, mu tambayi tsofaffi sunayen ƙofofin garuruwanmu mu rubuta tun suna raye. Abin da ya rushe ba ya dawowa. Allah Ya sa mu gane, amin.