Hayaƙin Boksi da Ciwon Kan Ranar Kasuwa

In kana cikin masu sammako daga Kamlin ko ƙauyukan da ke gaɓar Kogin Nilu Shuɗi, ɗauke da kwandunan tumatur ko buhunan albasa zuwa Hasahisa ko Wad Madani, to ka san boksi farin sani. Ita ce motar da ’yan’uwanmu na Kano da Maraɗi ke kira a-kori-kura. Ita ke kai kaya kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke rakiyar amarya. Yawancin waɗanda suka tsufa a kan hanyoyin Jazira suna shan man da mu nan muke kira jaz, a Nijeriya a ce gas, a Nijar kuma gazuwal. Maganar wannan takarda a kan hayaƙin wannan mai ce, sa’ad da ya bar hanyarsa ya shigo inda mutane ke zaune.

Wata ’yar kasuwa ta taɓa zuwa ɗakin shan maganinmu sau uku cikin wata guda, kullum da kuka ɗaya: ciwon kai mai tsanani, jiri da tashin zuciya. Muka gwada jininta har sau biyu ba mu sami zazzaɓin cizon sauro ba, jikinta kuma ba zafi. Sai a zuwa na uku na tambaye ta ranakun da ciwon ke taso mata. Ta yi shiru, ta ƙirga da yatsu, ta ce ranakun kasuwa ne duka. Na ce a ina take zama a mota? Ta ce a gaba, kusa da direba, don girmama shekarunta ake ba ta wurin. Da aka kira direban, wanda ɗan ƙanenta ne, ya ce ai shi ma kullum da ƙwayar ciwon kai a aljihunsa, ya ɗauka gajiyar tuƙi ce. Bakanike ya duba motar, ya tarar bututun hayaƙi ya tsage daidai ƙarƙashin kujera, ga kuma robar gindin giya ta yage. Na ji kunyar kaina da ban yi wannan tambaya tun zuwan farko ba.

A cikin hayaƙin mota akwai wata iska da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga huhu sai ta wuce cikin jini, ta maƙale a wurin da iskar oksijin ke zama a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma ƙarfin riƙonta ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Mutum yana numfashi kamar kullum, amma jininsa ya rage kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke rayuwa da shi. Fitarta kuwa da nawa take. Wanda aka fitar zuwa iska mai kyau yakan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin rabin abin da ya shaƙa ya bar jininsa. In an sa masa oksijin tsantsa a asibiti, lokacin yakan ragu zuwa kusan awa ɗaya ko ɗaya da rabi.

Gaskiya ne injin jaz mai lafiya ba ya fitar da wannan iska da yawa kamar injin fetur, kuma direbobi kan kafa hujja da haka. Amma ina boksi mai lafiya a hanyoyinmu? Injin da ƙurar habub ta toshe masa matatar iska, aka kuma yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ba ya ƙone mai yadda ya kamata, sai gubar ta ƙaru. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 kayan gyara suka yi tsada da wuyar samu, motoci da dama kuwa da faci suke tafiya. Ban da haka hayaƙin jaz yana ɗauke da nasa sharrin dabam: kunkunniya mai laushi wadda ke nutsewa can cikin huhu, da wasu iskoki masu yaji a ido da maƙogwaro, masu tayar da asma. A watan Yuni na 2012, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin jaz cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar huhu. Wannan ya fi shafar direba da yaron mota, masu shaƙarsa shekara da shekaru.

Kada ka dogara da hancinka. Warin jaz yana gargaɗi da farko, amma bayan ’yan mintoci hanci yakan saba, har wanda ke ciki ya rantse ba ya jin komai. Wanda ya shigo daga waje shi ne shaida. Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce mutum biyu ko uku a mota ɗaya su kamu da ciwon kai a lokaci guda, babu zazzaɓi, kuma su ji sauƙi bayan sun sauka. Daga ciwon kai sai jiri, kasala, amai, bugun zuciya da sauri, sannan rikicewar tunani da barci mai nauyi. Direban da ke gyangyaɗi da hantsi a kan titin Hartum zuwa Madani, bayan ya yi barcinsa cikakke da dare, a binciki motarsa.

Wasu sun fi wasu saurin faɗuwa. Mace mai ciki na gaba, domin jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe gubar, yana iya cutuwa alhali ita ciwon kai kawai take ji. Sai jarirai, waɗanda ke numfashi da sauri kuma ba su iya faɗin abin da ke damunsu. Jaririn da ya yi lamo a mota, ya ƙi kama nono, kada a ce daɗin tafiya ne ya sa shi barci. Sai tsofaffi masu ciwon zuciya, da masu ƙarancin jini, da masu sikila, wadda ba baƙuwa ba ce a gidajenmu daga Kamlin har Mai Wurno. Waɗannan kuwa su ne muka saba ba wa kujerar gaba saboda tausayi.

To ta ina hayaƙin ke shigowa? Sai abu biyu sun haɗu: wurin da yake tsira daga bututunsa, da ƙofar da yake bi ya shiga ɗakin direba. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya zai sake komawa gareji.

Ka fara da lura da lokacin da warin ke zuwa, domin wannan kaɗai yana rage wa bakanike rabin aiki. Idan wari na ƙaruwa duk sa’ad da aka kunna fankar cikin mota, to matsalar tana ƙarƙashin bonet, saboda fankar tana jan iska ne daga gindin gilashin gaba. Idan yana tasowa lokacin da mota ke tsaye injin na aiki, ya ragu in an kama hanya, a nemi tsagar a ƙarƙashin kujeru ko kusa da injin. Idan kuwa sai ana gudu yake zuwa, musamman in an buɗe ƙaramar tagar baya, to daga bakin salansa yake komowa.

Dubawa da safe ake yi, injin da sanyi, a fili inda iska ke kaɗawa. Ba a yin ta a cikin rufaffen shago ko zaure. Buɗe bonet ka bi da ido inda ƙarfen da ke tara hayaƙi yake manne da kan injin, ka ci gaba da bin bututun har ƙarshensa. Abin da kake nema shi ne baƙin tabo kamar na gindin tukunya. Hayaƙin jaz ba ya ɓoye sawunsa, duk inda ya tsira sai ya bar kunkunniya. Wuraren da aka fi samunsa su ne mahaɗar ƙarfen nan da injin in gasket ya ƙone ko ƙusa ta karye, da gaɓar bututu mai lanƙwasa wadda gargadar hanyoyin gona ke karyawa, da jikin salansar da tsatsa ta ci. A motocin da ke da turbo, a duba mahaɗarsa. Sannan a tayar da injin a saurara. Ƙara mai kama da tas-tas-tas wadda ke raguwa in injin ya yi zafi, alama ce ta tsaga da ke rufewa sa’ad da ƙarfe ya buɗa. In ana shakka, mutum ɗaya ya toshe bakin salansa da tsumma mai kauri na daƙiƙa biyu ko uku kacal, ɗaya kuma ya saurari inda iska ke huci. Ruwan sabulu da aka shafa a mahaɗa mai sanyi yakan yi kumfa a wurin da ke yoyo. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Akwai wuri guda da bakanikai da yawa ke tsallakewa. Ƙarƙashin kowace nozul akwai ’yar wasar jan ƙarfe da ke hana iskar ƙonewa fita. In ta ci, sai a ji injin yana huci, a ga wani baƙin abu mai kama da kwalta ya taru kewaye da nozul, warin kuma ya bi fanka ya cika gaban mota. Kuɗin wasar bai kai na kwandon tumatur ba. Haka nan tiyon da ke fitar da tururin baƙin mai daga kan injin, in ya cire ko ya fashe, yakan kawo wari mai kama da na hayaƙi.

Launin hayaƙin ma yana magana. Baƙi na nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, don haka a fara da matatar iska. Shuɗi na nuna injin yana ƙona baƙin mai. Fari mai ɗorewa bayan injin ya yi zafi na nuna man da bai ƙone ba, ko ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Neman ƙofar shigarsa ya fi sauƙi, yara ma za su iya taimakawa. Da dare, injin a kashe, a ɗage tabarmar ƙasan mota, wani ya haska tocila daga ƙarƙashi da kuma ta cikin bonet, kai kana zaune a ciki. Duk inda haske ya ɓullo, hayaƙi ma nan yake bi: ramin da tsatsa ta huda, robar gindin giya, kafofin da wayoyi da sitiyari ke ratsa bangon da ya raba injin da mutane, robar ƙofa da ta bushe da rana. Ramin ƙasa aikin mai walda ne. Kwali da tsumma ba sa tare iska, kusa da bututu mai zafi kuwa suna iya kama wuta.

Bari in tsaya kaɗan a kan masu zama a baya, domin an ɗauka su ne a cikin iska, ba abin da zai same su. Mota in tana gudu, iskar da ke bayanta takan yi juyi ta komo, ta tattaro hayaƙin salansa ta cusa shi cikin rumfar. In an lulluɓe gefe da gaba da tampol saboda sanyin Disamba da Janairu, aka bar baya kaɗai a buɗe, rumfar ta zama tarko. Abin ya fi muni in salansa ta karye aka bar ta guntuwa, tana hura hayaƙi ƙarƙashin benci. Dole bututun ya wuce ƙarshen jikin mota, ya fi kyau bakinsa ya kalli gefe. A bar kafa a gaban tampol domin iska ta ratsa ta fita. Kuma kada a shigar da kanun mai garwashi cikin rumfa ko ɗakin direba don jin ɗumi ko dafa jabana. Gawayi a rufaffen wuri ya fi injin jaz saurin kisa. Direban da zai kwana a tasha yana jiran lodi ya kashe injin kafin ya rufe gilashi.

In ciwon ya kama mutane a hanya, a tsaya nan take, a kashe injin, kowa ya sauka ya koma ɓangaren da iska ke tahowa. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa tufafi, kada a ɗura masa komai. Nono, tsamiya da ruwan lemun tsami ba sa wanke wannan guba daga jini, iska ce kaɗai ke fitar da ita. Duk wanda ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko ya rikice, ko yake jin ciwon ƙirji, da kowace mai ciki, da kowane jariri, a kai su asibiti ko da sun ce sun warke, kuma a wata motar in da hali. Wasu sukan farfaɗo, bayan kwanaki ko makonni mantuwa da sauyin hali su biyo baya.

A asibiti ka faɗa da bakinka cewa hayaƙin mota aka shaƙa. Ƙaramar na’urar nan da muke maƙala wa a yatsa ba ta bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda gubar ta kama, tana iya nuna 98 alhali mutum na cikin haɗari. In ba a gaya wa ma’aikacin lafiya ba, zai iya sallamar ku da maganin zazzaɓi, kamar yadda na kusa yi.

Ke kuma ’yar kasuwa, kai kuma magidanci, kuna da ta cewa tunda ku ke biyan kuɗin mota. In kun shiga kuka ji wari, ku gaya wa direba cikin mutunci: “Ɗan’uwa, motarka na shigo da hayaƙi, a duba salansa kafin kasuwa mai zuwa.” In tafiyar ta zama dole kafin gyara, a sauke gilashin gaba na dama da na hagu, a rufe tagar baya, a riƙa tsayawa ana shan iska, mai ciki da jariri kuwa su jira wata motar.