Kalmar "Dispatch": An Tura Kaya Daban, Kaya Sun Iso Daban

Duk ɗan kasuwar da ke sarin kaya daga Kumasi ko tashar jiragen ruwa ta Tema ya san wannan ɗan saƙon da ke shigowa waya: "Goods dispatched". Wasu a kasuwar Aboabo da ke Tamale da zarar sun gan shi sai su aika cikon kuɗi, har su sa wa masu saye rana. To, a nan gizo ke saƙar.

Ma'anar "dispatch" ita ce a tura abu ko mutum wani wuri, musamman cikin hanzari. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16 daga Italiyanci ko Sifaniyanci. Shi ya sa a Gana ake ce wa 'yan sandan da ke share wa manya hanya a kan babur "dispatch riders". A littattafai kuwa takan zo da ma'anar kashewa, amma wannan ba ta shafi buhun masara ba.

Abin lura, mai karatu, kalmar tana magana ne a kan tashin kaya kawai. Isowarsu hannunka ita ce "delivered". Tsakanin biyun akwai fiye da kilomita 600 daga Tema zuwa Tamale, ga kusan 200 kuma zuwa kan iyakar Paga, ga shingayen kwastan, ga lalacewar mota. In kuwa aka rubuta "ready for dispatch", kayanka suna nan jibge a sito, ko motsi ba su yi ba. Wani dillalin ma da ya kai kaya tasha sai ya rubuta "dispatched", alhali motar na jiran lodi ya cika, kuma ba za ka ce ya yi ƙarya kai tsaye ba.

Masu tsallakawa Dakola a Burkina Faso za su tarar da wannan bambanci a Faransanci: "expédié" an tura, "livré" an miƙa.

Don haka kafin ka saki cikon kuɗi, nemi lambar mota da wayar direba da hoton takardar webil, sannan ku rubuta tun farko a kan wace kalma za a biya.