Ciwon ƙafa da ciwon hannu, tushensu ɗaya

Lokacin noman rani ya yi. Daga Urno har Buza da Keita, manoma suna cikin garka suna ban ruwan albasa. A wannan lokaci mutane da yawa suna kuka da ƙaiƙayin ƙafa. Bayan ƴan kwanaki sai hannu ma ya kama. Mutum ya ɗauka ciwo biyu ne, alhali sau da yawa tushensu ɗaya.

Ga yadda abin yake. Ƙafar da ta wuni cikin ruwa ko cikin takalmin roba tana yin cin ruwa a tsakanin yatsu. Wata ƙwayar cuta ce mai son laima take kawo shi. Idan ciwon ya yi ƙarfi, jiki yana tashi ya yi faɗa da shi. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a tafin hannu da gefen yatsu. Babu ƙwayar cutar a cikinsu. Shi ya sa maganin hannu kaɗai ba ya isa. In ƙafa ta warke, hannu yana bin ta.

Wani lokaci kuma susa ce take ɗaukar cutar. Hannun da yake sosa ƙafa shi ne yake kamuwa.

Akwai hanya ta uku. Abin da ya ci ƙafa shi ne ya ci hannu, har kirci ya fito. Siminti yana cin magina. Omo yana cin mata wajen wanki. Takin zamani yana cin manoma. Irin wannan kirci ba a ɗaukarsa daga wani.

Me ya kamata a yi? A wanke ƙafa da yamma, a share tsakanin yatsu su bushe sarai. A shanya takalmi a rana. A shafa man kaɗe ko basilin a hannu da diddige, musamman da ɗari, amma ban da tsakanin yatsun ƙafa. Kada a fasa ƙurajen. Kada a zuba musu toka ko baƙin mai.

Wanda ya je gidan likita don hannu, ya nuna ƙafarsa ma. Maganin cin ruwa yakan ɗauki sati 2 zuwa 4. Kada a bar shi don ƙaiƙayi ya lafa. Idan wurin ya kumbura, ko ya yi mugunya, ko zazzaɓi ya zo, a tafi likita ranar nan.

Manomi da hannu da ƙafa yake ci da gidansa. Ya kula da su tun albasa ba ta isa cira ba.