Loko: Mashigar Turawa Zuwa Ƙasar Hausa ta Kogin Binuwai

1.0 Gabatarwa

Loko ƙaramin gari ne a gaɓar arewa ta Kogin Binuwai, cikin Ƙaramar Hukumar Nasarawa, kudu maso yamma da Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Duk wanda ya ga kwalekwalen masuntansa da tarunsu da kifin da ake bandawa, da wuya ya zaci cewa sunan garin ya shiga littattafan Jamusanci da na Ingilishi tun ƙarni na 19. Wannan maƙala za ta duba yadda aka yi haka, da kuma abin da baƙin suka bari.

2.0 Matsayin Garin

Darajar Loko daga mazauninsa take. A nan ne hanyar ruwa daga Lakwaja ta haɗu da hanyar fatake wadda ta bi ta Nasarawa da Keffi zuwa Zariya da Kano. Da yake Keffi da Nasarawa suna ƙarƙashin Sarkin Zazzau a wancan zamani, baƙon da ya sauka daga jirgi a Loko ya riga ya taka ƙasar Daular Sakkwato. Wannan ne ya sa 'yan kasuwar Ingila, waɗanda kamfaninsu ya zama Royal Niger Company a 1886, suka kafa kanti a garin, suna sayen hauren giwa daga hannun fatake.

3.0 Baƙin da Suka Ratsa

A 1885 Jamusawa biyu, Paul Staudinger da Ernst Hartert, suka tashi daga Loko ɗauke da kyaututtukan Sarkin Jamus zuwa ga Sarkin Musulmi da Sarkin Gwandu. Sun ratsa Keffi da Zariya da Kano, suka dawo a 1886, kuma littafin da Staudinger ya buga a 1889 yana cikin muhimman bayanai a kan rayuwar Hausawa kafin mulkin mallaka. Sai dai dole mai karatu ya riƙa tace shi, domin idon baƙo ne, kuma baƙon da ƙasarsa ke takarar kasuwa da Ingila.

Tafiyar da ta fi shafar ɗaliban Hausa ita ce ta Charles Henry Robinson, wanda ya bi wannan hanya a 1894 ya isa Kano a ƙarshen shekarar. Kalmomi da rubuce-rubucen ajami da ya tattaro sun zama jarin ƙamusunsa, wanda juzu'insa na farko ya fito a Kambirij a 1899. Ashe ke nan garin da ke can bakin iyakar kudu yana da hannu a tarihin nazarin harshen Hausa, ko da yake ba a cika ambatonsa ba.

4.0 Juyawar Zamani

Jirgin ƙasa ne ya kashe kasuwar Loko. Da dogo ya isa Kano a 1911, kaya suka daina bin kan 'yan dako daga Binuwai. Daga baya layin gabas ya bi ta Makurɗi da Lafiya zuwa Kafanchan, sai ciniki ya koma can, Loko ya dogara da su da noma da fito. Saboda haka gadon da baƙi suka bar masa ya fi yawa a takarda a kan na ƙasa, kuma akasarin takardun suna ɗakunan karatu na Turai, inda jikokin masu garin ba su kai gare su. Sai a 2023 aka buɗe gadar Loko zuwa Oweto a Jihar Binuwai a hukumance, motoci suna ƙetare kogin a inda a da sai da jirgin fito.