Talabijin ta Intanet: Sabon Baƙo a Gidajen Zangon Lome



Dattawan Zango suna tuna lokacin da talabijin ɗaya ke isar layi guda. An buɗe tashar ƙasa ta TVT a shekarar 1973, shekara huɗu kafin a tashi tsohon Zango daga tsakiyar Lome a 1977, a mai da shi arewacin gari wajen Aguwe. A wancan zamani tasha ce ke da iko: ita ke zaɓen shiri, ita ke sa lokaci, wanda ya makara kuwa sai dai a ba shi labari. Daga baya farantan tauraron ɗan'adam suka hau rufin gidaje, tashoshi suka yawaita, amma dokar ba ta sake ba: tasha na magana, mai kallo na saurare. Yanzu ga wani baƙo ya shigo wanda yake jin maganar mai kallo, yana kuma ba shi amsa. Shi ne talabijin ta intanet.

Yadda abin yake aiki

Faranti yana karɓar saƙo ɗaya ne da tauraro ya watso wa kowa, kamar ruwan sama a kan gari. Intanet kuwa kamar famfo take: kowane gida da bututunsa, kuma sai ka murɗa take zuba. Ana yanyanka hoto da murya ƙanana-ƙanana, kowane yanki na 'yan daƙiƙoƙi, a ajiye a manyan kwamfutoci. Idan ka danna shiri, na'urarka ce ke roƙon yankunan ɗaya bayan ɗaya, tana tara kaɗan a gaba kafin ta nuna maka. Idan layi ya yi rauni sai ta roƙi yanki mara nauyi, shi ya sa hoto kan dusashe sa'an nan ya washe. Idan abin da ta tara ya ƙare, sai ka ga da'irar nan tana juyawa. Wannan tari ne kuma ke sa mai kallon ƙwallo ta intanet ya ji ihun maƙwabcinsa mai faranti kafin ya ga an zura ƙwallon.

Hanyar iri biyu ce. Akwai wadda kamfanin waya ke keɓe wa talabijin wuri a cikin layinsa, ya ba ka akwati, ita ake kira IPTV. Akwai kuma wadda ke bin intanet ta kowa da kowa, irin su YouTube da Netflix. A duka biyun saƙo na tafiya yana dawowa, don haka kana iya tsai da shiri ka tafi masallaci, ka komo ka ci gaba daga inda ka tsaya, ko ka nemo tafsirin da ya wuce ka jiya.

Ta ina ya iso Lome

Hoto mai motsi kaya ne mai nauyi, ba ya tafiya sai a kan faffaɗar hanya. A 2012 igiyar ƙarƙashin teku ta WACS ta fara aiki, ta haɗa Togo da Turai. A 2018 Canalbox ya fara ja wa gidajen Lome igiyar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske. A 2020 Togocom, wanda ya koma Yas a 2024, ya buɗe 5G. A watan Maris na 2022 kuma igiyar Equiano ta kamfanin Google, wadda ta taso daga Fotugal zuwa Afirka ta Kudu, ta fara taɓa ƙasar Afirka a gaɓar Lome.

Sai dai hanyar tana da rauninta. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu suka lalace a tekun da ke daura da Kodebuwa, intanet ta yi ta ɗingishi a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, alhali farantai na aikinsu. Ga kuma batun kuɗi. Bisa lissafin Netflix, awa ɗaya ta hoto matsakaici tana cin kusan giga 1, mai tsabta har giga 3. Gidan da ke kallon awa biyu kullum da hoto matsakaici zai ci giga 60 a wata. Mai sayen data kaɗan-kaɗan a waya ya fi kowa jin wannan a aljihunsa, musamman idan yaro ya bar wayar tana zuba shiri bayan shiri.

Rabon Hausa

Mu da muke zaune tsakanin Faransanci da Ewe, babbar ribarmu ita ce harshe. Da, sai an jira ɗan kasuwa ya taho da kaset ko faifai daga Kano. A 2014 aka buɗe Arewa24, tasha mai watsa shirye-shirye da Hausa dare da rana, wadda ta yi suna da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, daga baya ta buɗe manhajar kallo ta intanet. Tun 2020 kuma masu shirya fim suka karkata ga YouTube da dogon zango, irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So. Yau uwa a Zango tana ganin sabon kashi a ranar da 'yar'uwarta ta Fagge ta gan shi. Yaron da ke wuni da Faransanci a makaranta yana jin Hausa mai karin magana da dare. Ƙofar kuma ba shiga kaɗai ake yi ta cikinta ba: matashin Zango mai waya da basira yana iya ɗaukar tarihin unguwa daga bakin tsofaffi, ya kai shi Kumasi da Maraɗi ba tare da neman iznin wata tasha ba.

Ina aka dosa

Ba duk alkawarin zamani ke cika ba. A 2018 Netflix ya fitar da fim ɗin Bandersnatch, inda mai kallo ke zaɓen yadda labari zai juya, aka yi zaton nan gaba ta dosa. A 2025 kamfanin da kansa ya sauke shi. Ashe mutane ba su damu da rubuta ƙarshen labari ba. Abin da suke so shi ne zaɓen lokaci da shiri. Manyan kamfanoni kuma suna ta haɗewa: a 2025 Canal+ ya karɓi ragamar MultiChoice mai DStv, wato manyan masu faranti biyu na nahiyar sun koma hannu ɗaya, kuma dukansu suna tura shirye-shiryensu ta manhaja.

Abin da ya fi shafarmu shi ne wannan: na'urar da ke jin ka tana kuma rubuta abin da ka yi. Tana lura da abin da ka kalla, da inda ka tsaya, da abin da ka maimaita, sa'an nan ta miƙo maka makamancinsa, domin ribarta tana cikin daɗewarka a gabanta. A da uba ya san abin da ke cikin akwatin falo. Yau kowane yaro da tasharsa a tafin hannu, kuma wanda ke zaɓa masa bai san sunan mahaifinsa ba.

Shawara ga iyaye

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A mai da kallo kan babban allo a tsakar iyali, inda ido ke gani. A buɗe wa yara sashensu dabam, a sa lambar sirri. Manyan manhajojin duka suna da wannan. A kashe tsarin da ke sa shiri ya bi shiri da kansa, a rage tsabtar hoto don data ta yi auki. A guji masu tallar dubban tashoshi da araha, domin galibinsu na sata ne, suna iya ɗaukewa ba wanda za ka kama, kuma babu tacewa a cikinsu. Sa'an nan a tambayi yaro abin da ya gani, a saurare shi, tun da yake na'urar ma tana sauraronsa.

Zamani riga ne, in ji Bahaushe, amma mai riga shi ke auna ta da jikinsa. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu amfana da alherin wannan abu, ya kare mu daga sharrinsa. Amin.