Kowane Aiki Da Kayan Aikinsa: Yadda Za Mu Bi Da Ɓacin Zuciya

'Yan'uwa manoma, a daminar 2023 wani ciwo ya faɗa wa citta a kudancin Jihar Kaduna, wajen Kachia, Jaba da Kagarko. Ganye ya bushe, citta ta ruɓe a cikin ƙasa. Mutane da yawa sun rasa amfani har da iri, ga bashi a wuya. Tsofaffinmu ma ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Hasara ba baƙuwa ba ce ga manomi. Amma yaya za mu yi da fushi, da tsoro, da baƙin cikin da takan bar mana?

An koya mana cewa haƙuri maganin zaman duniya ne. Gaskiya ne. Sai dai haƙuri ba shi ne haɗiye kome a yi shiru ba. Damuwar da aka daɗe ana dannewa takan hana barci, ta rage ƙarfin aiki, takan kuma ƙara wa hawan jini ƙarfi. Ba ma sare itace da fartanya, ba ma yin noma da lauje. Haka zuciya take, kowane hali da abin da ya dace da shi.

1. Idan fushi yana da zafi, mu ja da baya. Lokacin da muka tarar shanu sun shiga gona, zuciya takan buga da sauri, tunani kuma ya taƙaita. Wannan ba lokacin yanke shawara ba ne. Mu ja numfashi a hankali, mu bar wurin, mu kira shaidu, sa'an nan mu kai ƙara wurin mai unguwa.

2. Idan zafin ya sauka, mu sāke duban al'amarin. Maimakon "Na lalace," mu tambayi kanmu: me ya rage? Akwai awaki? Akwai fadama domin noman rani?

3. Abin da yake da gyara, mu tashi mu gyara. Mai bashin ƙungiya kada ya ɓuya saboda kunya. Ya je wurin ma'aji tun da wuri a daidaita yadda zai biya.

4. Abin da ba shi da gyara, mu yi baƙin cikinsa. Hawaye ba rashin ƙarfi ba ne, ko ga magidanci. Mu faɗa wa matanmu ko mazanmu, ko wani dattijo da muka amince da shi.

Ga gargaɗi kuma. Idan ɗan'uwa ya yi mako biyu ko fiye ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina zuwa taro, ko yana cewa gara ya mutu, kada mu bar shi shi kaɗai. Mu kawar da maganin ƙwari daga inda yake, gama da shi ne mutane da yawa a karkara suke hallaka kansu. Mu raka shi asibiti, domin wannan ciwo yana da magani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taro mai zuwa, kafin a buɗe littafin lissafi, bari mu tambayi juna: wane ne a cikinmu ya yi shiru tun bayan girbi? Wa zai je ya gaishe shi a makon nan?